Rakiyar Yaya Zuwa Alƙahira Neman Maganin Tabon Gashi

Ranar da likitoci suka ce sankarar bakin mahaifar da ta kwantar da Yaya ta tafi, an yi saukar Alƙur'ani a gidanmu, an soya waina an raba wa maƙwabta. Ta sha gashi na makonni, wato hasken da ake harbawa don ya kashe ciwon, ta sha ƙarin ruwan maganin sankarar nan mai karya ƙarfin mutum, Allah ya tashi kafaɗunta. Duk mun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Shekara uku ana zaune lafiya, sai wani dare babbar 'yarta ta kira ni murya na rawa, ta ce ta shiga banɗaki bayan Ummanta ta ga gudan jini. Gari na wayewa na je na tsare Yaya a ɗaki. Ashe an daɗe ana haka. Fitsari ja wur, wani lokaci da guda-guda, ga raɗaɗi, ga matsuwar da ba ta barin ta ta kai banɗaki. Kunya ta hana ta faɗa, tsoro kuma ya ƙara rufe mata baki, domin ita a ranta ta riga ta yanke cewa ciwon ne ya dawo.

Mai kemis na unguwa da ta aika wa a ɓoye ya ce tsargiya ce, ya ba da ƙwayoyi. A wajenmu duk wanda ya ji an ce jini a fitsari, tsargiya ce ke fara zuwar masa a rai. Da muka kai ta asibiti aka zura siririyar kyamara aka leƙa cikin mafitsara, sai aka ce ba tsargiya ba ce, ba kuma sankara ba ce. Tabon gashi ne. Hasken da aka harba don ya kashe ciwon ya ratsa ta mafitsara, wadda ke manne da mahaifa, ya bar mata lahanin da ba ya bayyana sai bayan watanni shida, ko shekaru, wasu ma har shekara ashirin. Aka wanke mafitsarar, aka ƙone jijiyoyin da ke tsiyaya, aka yi mata ƙarin jini. Abin ya lafa, ya dawo, ya sake lafawa, ya sake dawowa. A karo na ƙarshe likitan mafitsara ya zaunar da mu ya ce saura hanya biyu a gabansa: ko magunguna masu zafi da ake ɗurawa a mafitsara, waɗanda idan suka gaza sai a cire ta ɗungurum, ko kuma a fara gwada shaƙar oksijin a ɗakin matsin iska. Ya lissafa mana ƙasashen da marasa lafiyarsa suka taɓa zuwa. Muka zaɓi Masar saboda dalili biyu: akwai jirgi kai tsaye daga Kano, sannan ɗan maƙwabcinmu yana karatu a Azhar. Mijinta ya sayar da filinsa, 'yan uwa suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka ce ni ce 'yar rakiya.

Tafiyar awa huɗu ce da wani abu. Na roƙi ma'aikaciyar jirgi ta canja mana kujera zuwa ta bakin hanya kusa da banɗaki, kuma ban ƙirga sau nawa Yaya ta tashi ba. Mun sauka cikin sanyin hunturun Masar, wanda ya sha bamban da namu, domin damshi gare shi, yana ratsa rigar sanyi ya shiga ƙashi. Ɗalibin nan ya tarbe mu, yaro mai natsuwa, yana ta "sannu da hanya, Hajiya", ya ɗauke mana jaka. Ya riga ya kama mana ɗaki biyu da falo a Madinatu Nasr, ɓangaren da ake kira Hayyul Ashir, inda baƙin Afirka suka yi yawa. Kana tafe a titi sai ka ji Larabcin Sudan, ka ji Somaliyanci, can kuma ka tsinkayi wani yana waya da Hausa. Abin da ya fi damuna a gidan shi ne lif, don hawa na biyar muke. Mai gadi, wani Basa'ide, mutumin kudancin Masar, mai doguwar jallabiya, ya rantse mana lafiyarsa ƙalau, kuma yawancin lokaci gaskiya ya faɗa.

Na zata washegari za a fara. Likitan cibiyar matsin iskar, dattijo mai furfura da ya ce ya yi shekaru yana duba masu nutso a Bahar Maliya, ya karɓi jakar takardunmu ya karance su tsaf, sannan ya ce ba wanda zai shiga ɗakinsa sai an yi gwaje-gwaje. Hoton ƙirji, domin idan akwai iskar da ta maƙale a gefen huhu, matsin yana iya zama ajalin mutum. Leƙa kunne. Awon zuciya da sukari. Sabon hoton ciki don a tabbatar ba sankara. Ya tambayi sunan kowane maganin da aka ɗura mata a lokacin jinyar farko, don akwai waɗanda ba sa jituwa da oksijin mai yawa. Har fitsarin ya sa aka sake dubawa ko akwai ƙwan tsargiya. Da na ce ai an duba a gida, sai ya ce, ta bakin tafintanmu, a Masar ba a wasa da wannan. A nan Alƙahira, a asibitin Ƙasrul Aini, wani likita Bajamushe mai suna Tiyodo Bilhaz ya gano tsutsar tsargiya a 1851, shi ya sa har yau suke kiran cutar da sunansa. Ƙauyukan bakin Nilu sun daɗe suna fama da ita, likitocinsu sun ga jini a fitsari iri-iri.

Bayan sakamako ya fito, ya ɗauko takarda ya zana mana abin da ke faruwa. Ban taɓa jin wanda ya yi mana bayani haka ba tun farkon ciwon, shi ya sa na riƙe. Gashi, in ji shi, yana lalata cikin ƙananan jijiyoyin jini. A hankali suna kauri, suna tsukewa, har su toshe. Naman wurin sai ya zama ba isasshen jini, ba isasshen oksijin, ba isassun ƙwayoyin da ke gyara rauni. Ya taurare ya zama tabo. Jiki yana ƙoƙarin fitar da wasu jijiyoyin a saman fatar mafitsara, amma raunana ne, da an taɓa su sai su fashe. Jinin da muke gani ke nan. To iskar da muke shaƙa kullum, oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin ɗari, jajayen ƙwayoyin jini ne ke dakonsa, kuma sun riga sun ɗauki iya abin da za su iya. Ko an sa wa mutum oksijin a gadon asibiti, ƙarin da zai samu kaɗan ne. Amma idan aka rufe shi a ɗaki aka ƙara matsi ya kai ninki 2.4 na wanda muke ciki, daidai da wanda ke ƙarƙashin teku zurfin mita 14, sannan aka ba shi oksijin tsantsa, sai oksijin ya narke a cikin ruwan jinin kansa, kamar yadda ake matsa iska a kwalbar lemo ta narke a ciki. Abin da ke narkewar ya ninka na kullum fiye da sau goma, kuma ruwan jini yana kutsawa inda jajayen ƙwayoyin ba sa iya wucewa. Ya ce wani likitan tiyata a Amsadam, Ite Burema, ya nuna haka wajajen 1960, lokacin da ya zuƙe kusan dukkan jajayen ƙwayoyin jinin dabbobi a cikin irin wannan ɗaki suka ci gaba da rayuwa.

Yaya ta tambaya, to idan ta fito fa, ai oksijin ɗin zai tafi. Ya ce ƙwarai, cikin ɗan lokaci ma. Amma wannan hawa da saukar, yau a cika naman da oksijin gobe a sake, shi ne ke zaburar da jiki ya fara shimfiɗa sababbin jijiyoyi masu ƙwari a wurin da ya bushe. Jijiya kuwa ba ta tsirowa a kwana ɗaya. Ya rubuta mata zama 40, sau ɗaya a rana, Lahadi zuwa Alhamis tun da Juma'a da Asabar ne hutunsu. Ya ce kada mu sa ran ganin wani canji kafin a kai wajen rabi.

Ɗakin kansa wani dogon tanki ne na ƙarfe, fari, kwance a tsakiyar wani zaure a ƙasan bene. Ƙofarsa mai kauri ce, da 'yan tagogi zagayayyu a jiki. A ciki kujeru ne layi biyu suna fuskantar juna, kowace da tiyo da takunkumin fuska a rataye. A waje akwai tebur cike da agoguna da allon kallo, inda wani ma'aikaci ke zaune tun daga rufe ƙofa har buɗewa, ba ya ɗagawa. Ma'aikaciyar jinya ɗaya tana shiga tare da marasa lafiya. Akwai wata 'yar kafa mai murfi biyu da ake miƙa ruwa ko magani ta ciki ba tare da an saki matsin ba.

Dokokin shiga su ne suka fi ba Yaya wuya da farko. Ba man shafawa, ba basilin, ba man kitso, ba turare, ba humra, ba jan baki. Ba waya, ba agogo, ba abin da ke da batir. Kayan jikinta duka sai ta tuɓe ta sa na auduga zalla da suke bayarwa, har ɗankwali. Mace ce da tun tasowarmu ban taɓa ganin ta fita ba ta turara kayanta ba, ga sanyi yana busar da fata har ta yi fari. Ranar farko ma'aikaciyar ta shinshina kanta ta ce sai an wanke. Na ji haushi a lokacin, har sai da ta yi mana bayani: inda oksijin ya yi yawa ga matsi, maiƙo kaɗan da tartsatsi ɗaya sun isa. A 1997 wuta ta tashi a irin wannan ɗaki a birnin Milan na Italiya, mutum 11 da ke ciki ba wanda ya fita. Tun daga ranar ni da kaina nake tsefe wa Yaya kai, in wanke da sabulu, in yi mata kalaba ba mai. Man shafawa sai ta fito, a jakata nake riƙe shi.

Zaman farko ta taga na kalle shi. Aka ja ƙofa aka rufe, iska ta fara shiga da ƙara. Minti goma zuwa sha biyar ɗin farko su ne na kunne. An koya mata ta toshe hanci ta hura a hankali, ko ta haɗiye yawu, ko ta kurɓi ruwa, ko ta motsa muƙamuƙi. Na ga ta dafe kunnen hagu ta ɗaga hannu. Nan take na waje ya tsayar da iskar, ya ɗan sassauta, ma'aikaciyar ta tsuguna gabanta tana nuna mata da nata hancin. Can sai na ga fuskarta ta saki, ta gyaɗa kai, aka ci gaba. Da aka kai matsin da ake so kowa ya ɗaura takunkumi. Minti 90 ake shaƙa, ana cirewa a huta minti biyar a tsakani, domin oksijin tsantsa idan ya daɗe ba hutu yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ya jawo jijjiga, ko da yake ba kasafai ba. Da ta fito ta ce lokacin shiga ɗakin zafi yake yi, lokacin fita kuma sanyi har da ɗan hazo, kuma an gargaɗe su kada wanda ya riƙe numfashi yayin da ake sakin matsin.

Abin da ban yi tunaninsa ba sai da muka zo shi ne, macen da ba ta iya riƙe fitsari minti talatin za a kulle ta kusan awa biyu tare da maza baƙi. Daren farko ba ta yi barci ba saboda wannan. Ni na je na sami ma'aikaciyar a gefe, da guntun Larabcina na Islamiyya da nuni da hannu, don wannan ba maganar da za a sa ɗan maƙwabci ya yi tafinta ba ce. Ta gane tun kafin in gama. Ta nuna mini wani ɗan ɓangare a ƙarshen tankin mai labule da kujerar bahaya, ta ba da ƙunzugu na manya, ta mai da Yaya kujerar da ke dab da labulen. Ta dafa ta ta ce, "Ma takhafish, ya Hagga," wato kada ki ji tsoro, Hajiya. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Daga nan rayuwa ta zama hanya ɗaya. Asuba, shayi da gurasarsu da wake, sannan mota. Cunkoson Alƙahira sai wanda ya gani; gadoji a kan gadoji, ƙananan bas-bas suna kutsawa ta inda ba hanya, hon ba ya yankewa. Na haddace hanyar ne ta wuraren da za a iya tsayawa: wani gidan mai, wani masallaci mai ɓangaren mata a buɗe, wani kantin magani da mai shi ya saba da mu. Da rana in yi cefane. Kuɓewa tana nan, lalo yana nan wanda suke ji da shi ƙwarai, zoɓo kuwa har a gidajen shayi ake sayarwa da zafinsa. Kuka da daddawa da yaji mun taho da su. Yaya ba ta taɓa sabawa da kosharinsu ba, shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, amma ruwan rake da ake matsewa a gabanka ya shiga ranta.

A zauren jira na san sauran. Akwai wani manomi mai ciwon sukari da gyambon ƙafa, wanda kullum sai an auna sukarinsa kafin ya shiga don matsin yana saukar da shi. Akwai wani saurayi da kunnensa ɗaya ya daina ji dare ɗaya. Akwai wata 'yar Libiya da aka yi wa gashin nono, fatar ƙirjinta ta taurare. Wata safiya ina yi wa Yaya faɗan ta manta ta shafa mai a hannu, sai wata mata mai lulluɓin Sudan da ke gefe ta juyo ta ce, "Ku Hausawa ne?" Hausarta tana da wani karin Larabci, amma Hausa ce tsaf. Mutanen Mai Wurno ne a bakin Shuɗin Nilu, garin da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke zaune. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ne ya koro su Masar. Mijinta ta kawo. An yi masa gashi saboda sankarar bayan hanci, ya warke, bayan shekaru haƙori ya dame shi ya je aka cire. Ramin bai taɓa rufewa ba. Ƙashin muƙamuƙin da gashi ya riga ya busar ya mutu, yana leƙowa ta dadashi, bakin ba ya buɗuwa sosai, abinci sai mai ruwa. Shi tsarinsa daban ne: zama 30, a yi tiyata a kankare mataccen ƙashin, sannan a ƙara 10, tsarin da wani likitan baki na Amurka, Robat Maks, ya shimfiɗa a shekarun 1980. Ta ce da wani ya gaya musu a gyara haƙora tun kafin gashi, kuma kada a yarda a cire haƙori bayansa sai da sanin likitan sankara, da ba su zo nan ba. Tun daga ranar tare muke zama, ita da carbinta ni da nawa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da a ce nata majinyacin namiji ne.

Wajen mako na uku abubuwa suka cakuɗe. Mura ta kama Yaya, hanci ya toshe, kunne ya ƙi buɗuwa, aka hana ta shiga na 'yan kwanaki. A cikin kwanakin jini ya ɓalle, guda ya toshe hanya, muka kwana a asibiti ana wanke mafitsara. Da asuba ta kalle ni ta ce, "Auta, mu koma gida. An sayar da fili a kan iska." Ban iya ba ta amsa ba. Na bari sai da muka ga likita, na ce masa ya gaya mana gaskiya tsakaninsa da Allah, wannan abu yana aiki ko ba ya yi.

Bai yi mana alkawari ba, kuma wannan ne ya sa na ƙara yarda da shi. Ya ce a kan mafitsara hujjar tana da ƙarfi. An yi bincike a asibitocin jami'a biyar na Suwidin, Nowe, Denmak da Finlan, aka wallafa a 2019: aka raba masu irin ciwon Yaya gida biyu, waɗanda suka yi zama 30 zuwa 40 suka samu sauƙin da ya kai kusan maki 18 a ma'aunin da ke da maki 100, waɗanda ba su shiga ba kusan 8. Sauƙi ne na gaske, amma ba kowa ya samu ba, kuma ba duk wanda ya samu ne ya rabu da ciwon kwata-kwata ba. A kan tabon gashi a hanji, ya ce, bincike ya saɓa wa juna: wani ya nuna amfani, wani da aka yi a Ingila aka fitar a 2016 bai ga bambanci ba. A kan muƙamuƙi ma likitoci suna ta muhawara, akwai binciken Faransa na 2004 da aka dakatar saboda ba a ga fa'ida ba. Game da tsoron da na ɓoye a raina, ko oksijin zai ta da sankarar da ta kwanta, ya ce an bibiyi wannan tambaya shekara da shekaru ba a ga hakan ba. Sannan ya juya ga Yaya ya ce jinin da ta gani a mako na uku ba ya nufin an faɗi, lokacin hukunci bai yi ba tukuna. Zaɓi nata ne. Ta yi shiru, ta ce za ta ƙarasa.

A nan zan faɗi abin da ke cina. A hanyarmu ta kullum, da kuma a Facebook da zarar waya ta gane abin da kake nema, tallace-tallace ne birjik: oksijin na mayar da tsohuwa yarinya, oksijin na warkar da yaron da bai iya magana ba, oksijin na kashe sankara. Wasu ma wata jakar leda ce mai zif ake hurawa, matsinta bai wuce ninki 1.3 na wanda muke ciki ba, a ce ita ma magani ce. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan da'awoyi. Cututtukan da masana suka amince a yi wa wannan magani 'yan kaɗan ne, goma sha wani abu: ciwon masu nutso, shaƙar hayaƙin gawayi ko na janareta, wasu gyambunan masu sukari, tabon gashi, da makamantansu. Wani dillalin marasa lafiya, ɗan ƙasarmu, ya bi mu har gida yana cewa ya san inda za a yi mana a rabin kuɗi cikin kwana goma. Mutanenmu suna zuwa da kuɗin gona da na gado, ba su jin harshen, ga ciwo ya rufe musu ido. Wanda zai ci wannan kuɗi da ƙarya, ban san me zai gaya wa Allah ba.

Akwai wata damuwar da Yaya ta daɗe tana ɗauke da ita, wadda ba ta likita ba ce. Sallarta. Tana alwala, kafin ta kai raka'a ta biyu ta ji ɗigo, ta sallame ta sake, wani lokaci har lokaci ya fita tana kuka. Ni na rubuta tambayar a takarda na ba ɗalibinmu, ya kai wa wani malaminsu na fiƙihun Malikiyya. Amsar ta dawo a rubuce: wanda yoyon fitsari ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, abin da ya fita ba ya karya masa alwala, an dai so ya sabunta ta, ya sa abin da zai tare, ya yi sallarsa. Ta sa na karanta mata sau biyu. A ganina wannan takarda ta yi mata aikin da ya kusa kai na tankin.

Sauƙin bai zo da sanarwa ba. Wata rana na lura mun wuce gidan man nan ba ta ce a tsaya ba. Bayan kwanaki muka wuce masallacin ma. Launin fitsari ya tashi daga ja ya koma ruwan hoda, wata rana fes, washegari ɗan hoda kuma. Tashin dare ya ragu. Sai ga wani sabon abu: ta ce ba ta gane lambar bas daga nesa, amma tana karanta Alƙur'aninta ba tabarau. Likita ya ce an saba ganin haka, oksijin yana ɗan canja ƙwayar ido na wani lokaci, kada mu sayi sabon tabarau, zai koma da kansa cikin makonni ko 'yan watanni.

Sai a lokacin muka fara ganin gari. Na je Abbasiyya sabunta izinin zama, layi tun sassafe. Wata Juma'a muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, a taragon mata, muka nufi Azhar. Masallacin ya haura shekara dubu, an gama shi a 972, tsakar gidansa farin marmara ne mai sanyi a tafin ƙafa. Ɗalibinmu ya ce a cikin zaurukan da aka ware wa ɗalibai baƙi tun zamanin da, har da na mutanen Barno. Yaya ta zauna tun kafin huɗuba har aka sallame ba ta tashi ba, daga nan ta ce mu tsallaka kasuwar Khan Khalili ta saya wa 'ya'yanta tsaraba. Ta yi ciniki da wani mai mayafai har sai da ya ɗaga hannu ya ce ta fi shi iyawa. Dalar Fir'aunoni kuwa daga nesa muka hange su ta gilashin mota. Ta ce ba duwatsu suka kawo ta ba.

Mijin 'yar Mai Wurno an yi masa tiyatarsa muna can. An cire ƙashin da ya fi yadda aka zata, kuma likitocinsa sun ce mai yiwuwa sai an ɗauko wani daga ƙafarsa an dasa. Ranar zaman Yaya na ƙarshe matar ta zo da soyayyar gyaɗa a leda ta ba mu, muka yi musayar lamba, muka rungumi juna a bakin tankin. Har yanzu muna gaisawa ta saƙon murya.

Likita ya ba mu rahoto a rubuce don likitanmu na gida, ya ce jijiyoyin za su ci gaba da ginuwa bayan an daina shiga, a sake leƙa mafitsara bayan wata shida, ta yawaita shan ruwa, kuma duk ranar da ta ga guda kada ta jira. Ya ce wasu sukan buƙaci a ƙara musu zama nan gaba.

An leƙa ɗin a Kano. Likitan mafitsara ya juyo mini da allon na gani da idona: wuraren da a da suke ja jawur sun koma fari-fari, saura wani ɗan gefe guda. Tun dawowarmu ba a sake yi mata ƙarin jini ba. Tana tashi sau biyu da dare, wani lokaci idan ta yi aiki mai nauyi takan ga ɗan hoda, idonta kuma ya koma yadda yake, ta ɗauko tsohon tabaranta. Bashin da muka ci a makonnin ƙarshe muna kan biya. Likita ya sa mata ranar dawowa bayan Babbar Sallah, kuma wannan karon 'yarta ce za ta raka ta.